Tagogi Goma Sha Huɗu

Arzika ya bar mini jirgi a kan kabad,
tsawon kamu ɗaya, katakon akwatin shayi,
filafilansa yankin tsohuwar taguwa.
Ya gama komai: jigo uku, igiyoyin zaren lilo,
har ƙugiyar tsayawa
da ya lanƙwasa daga wayar keke.
Tagogi kaɗai suka rage,
ramu goma sha huɗu a bayan jirgin,
kowanne bai fi farcen jariri ba.

Ni ban taɓa ganin teku ba.
Ruwan da na sani Rima ne,
shi ma in bazara ta matsa
sai ya tsuke kamar mai jin kunya.
Yayana ne ya yi shekara tara a Ikko
yana sauke buhuna a bakin jiragen ƙarfe.
Ya dawo Mabera da tari,
da kalanda mai hoton wani jirgin da,
wanda iska kawai ke turawa.
Wannan ya so. Na ƙarfen, in ji shi, hayaƙi ne da ashar.

Na fara da robar ruwan sha.
Ta ƙi kwanciya, ta riƙe lanƙwasar kwalbarta.
Ledar burodi ta yamutse.
Gilashin mataccen agogo
da Malam Hali ya ba ni a Tsohuwar Kasuwa
ya tsage tun kafin reza ta gaishe shi.
Na gwada marfin kwalin hula,
ya zauna daidai, na yi murna,
da safe gam ɗin kanti ya sa masa yana
irin ta idon tsoho.

Wata biyu ina haka.
Matata ta ce, tagar ɗakinmu fa, da ta karye tun damina?

Ran nan ina neman takardar fili
a ƙasan adakarsa,
sai ga babban ambulan na asibiti.
Na ɗaga hoton ƙirjinsa ga hasken ƙofa:
haƙarƙari jere, kamar cikin kwalekwalen da ba a rufe ba,
da farin gajimaren nan a hagu
wanda likita ya zagaye da biro.

Na daɗe a tsaye.
Sannan na kai shi bakin rijiya.

Ruwan cire tabo, tsumma, haƙuri.
Baƙin ya bi ruwa zuwa gindin dalbejiya,
ƙashi ya narke, gajimaren ya narke,
abin da ya saura a hannuna
garau, da ɗan shuɗi,
kamar sama bayan asuba.

Yanka shi ya fi wankin wuya.
Reza sabuwa, hantsaki, numfashi a riƙe.
Uku sun yi tsalle sun ɓace a tabarma,
ɗaya ta manne a gumin yatsana
na yi ta nemanta har la'asar.
Ƙaro na jiƙa a marfin kwalba,
ina ɗiga shi da tsinken sakace,
shi ba ya yana, in ya bushe ba ka ganinsa.

Goma sha uku na saka masu haske.
Ta ƙarshe na yanko ta daga gefen da ban wanke ba,
inda bakin ƙashi ɗaya ya gitta.
Ban san dalili ba. Kada a tambaye ni.

Daren Laraba aka ɗauke wuta.
Kulu, 'yarsa, ta cusa fitilar waya ta ƙofar bene,
jirgin ya kama daga ciki,
ƙananan murabba'ai shuɗɗa suka zuba a bango.
Ta ƙirga da yatsa, ta sāke ƙirgawa.
Ta ce, Baffa, wagga ba ta haske,
akwai wani ciki shina tsaye.

Na ce, bar shi.
Kallon ruwa yake yi.