Ruwan Bashi

Ƙarfe biyun dare, ɗakin kwamfuta a Tek,
fanka na kuka, daga ni sai rafin Aboabo
da na yanka gida-gida har ɗari huɗu,
kowane gida da zurfinsa.

Inda ruwa ke tafiya a natse
dabara mai hawa biyar ba ta tuntuɓe,
layinta sumul kamar bayan tasa.

Amma ambaliya ba ta sallama.
Na gan ta shekarar da na gama firamare:
nan busasshiyar ƙasa, nan ruwa iya ƙirji,
tsakaninsu ko tafin hannu babu.
Inna Zuwaira ta ɗauki tukunyar wake a ka,
ta bar wa ruwa takalmanta.

Na miƙa bangon nan ga dabara mai sauƙi,
ta narkar da shi kamar man kaɗanya a rana,
ta mai da shi gangare, wai a kwantar da hankali.
Na miƙa wa mai hawa biyar,
sai hannunta ya kama rawa a bakin tsallen,
tudu, kwari, tudu,
har ta rantse min a ƙofar Malam Sallau tela
zurfin ruwa ya gaza sifili.
Na yi dariya ni kaɗai. Ruwan bashi ke nan?

Dakta Owusu-Ansah ya ce da ni:
kowane gida ya tambayi maƙwabta kashi uku,
na hagu, na tsakiya, na dama,
amma kada ki auna su da mudu ɗaya.
Wanda zancensa ya zo a miƙe, ƙara masa nauyi.
Wanda ya taka tsallen, murya na karkarwa,
rage masa, ba sai kin kore shi ba.
Abin da ya fita daga gida kuwa
ya shiga na gaba cif, ko ɗigo kar ya ɓata.

Na gyara. Na danna. Shayina ya huce.

Ga bangon tsaye cikin gida biyu kacal,
kaifi kamar reza, babu rawa,
yana gangarowa wajen gada.

A zauren Inna akwai zanen gawayi
inda ruwan ya tsaya a waccan shekara,
ta hana kowa shafe shi da fenti.
Allona ya ce mita ɗaya da ɗigo uku.
In an yi asuba zan hau motar farko,
zan ari tef wajen Malam Sallau.