Zane Bakwai a Gidan Gwamma

Jinga ce: kwana tara, a kwantar da gidan.
Mai fili na son shaguna kafin damina,
na cajin waya, na man babur, na ƙanƙara.
Na zo da diga da baro da yara huɗu,
na tsaya bakin zaure, bismilla ta maƙale mini a wuya.

Gidan Gwamma ke nan.
Ba allo a ƙofa, ba lamba,
amma tambayi tsoho daga Mokoyo har Bagalam,
da haɓa zai nuna maka.
Shekarar da gulbi ya haɗiye tsohon gari
mutane suka hau tudu da tabarmi a ka,
ita da tukwane ta hau.

A zaure fura take damawa.
Can baya, inda tsamiya ke rufa asiri,
akwai tulun da ke tafasa ba wuta.
Liman ya sani, kwamanda ya sani,
kowa ya san inda zai ajiye idonsa.

In kakar gujiya ta kama,
jakuna a ƙofa, raƙuma a gindin rijiya,
baƙo ya kwana da dala a ƙarƙashin kai.
Nan ake jin farashi tun sikeli bai farka ba.
Nan aka gano ma'aunin kantin Bature
na lasar mudu guda a kowane buhu.
Nan wani direban Kano ya sauke garmaho,
tsofaffi suka leƙa ƙahon
suna neman mutumin da ke ciki su ba shi goro.

Wani daren Talata tafinta ya shigo,
Mushe Labo, mai takalmi sau ciki,
da takardar ɗibar soja a aljihun gaba.
Gwamma ba ta san baƙi ba, ba ta san boko ba,
amma ta san ƙwarya ta uku.
Ta ce, ashe kai ma kana karatu kamar su?
Ya miƙe yana layi, ya gyara murya,
ya karanto mata suna goma sha ɗaya.

Kafin kiran assalatu
tabarma goma sha ɗaya ta huce.
Gardawan bariki sun tarar da takalma kawai
da sawu a yashi, ya bi ta Ɗan Isa.
Na tara a jerin, Nomau ɗan Jadi,
damina biyu ya yi a Jibiya,
ya dawo, ya yi aure, ya haifi ubana.
Ya tsufa da carbi, yana rantsuwa
ko inuwar gidan nan bai taɓa takawa ba.

Yau da muka ɓare yaɓen siminti
sai ga tsohon garu da littafinta a jiki:
kowane mai bashi da alamarsa da ƙusa,
wannan kunama, wancan tsani, wancan ƙafar zabuwa,
zane a gaba, in an biya a soke.
Can ƙasa, kusa da gurbin fitila,
hauya mai karyayyar ƙota, irin wadda yake zana wa buhunansa,
da zane bakwai,
ba a soke ko ɗaya ba.

Kaka, ashe haka.

Wa zan biya? Ba ta bar ɗa ba,
kabarinta ma titi ya bi ta kai.
Na aiki Hankurau bakin kasuwa
ya sayo fura bakwai da nono,
muka sha, muka ba mai amalanke da makaho da ke wucewa,
na ce su sa Gwamma a addu'a.
Makahon ya ce, wace Gwamma?
Na ce, wata ce da muke ci da sunanta.

Sai na tsinci ƙusa a ƙasa,
na soke bakwai ɗin da hannuna,
na tofa yawu a tafi,
na ɗaga diga.