Inci Saba'in da Bakwai

Ranar Asabar, ƙanƙara na narkewa a titunan Gdansk,
Jagoda ta ja ni kanti kamar mai jan rago kasuwa.
Ni Bogumil, shekara arba'in ina waldar jiragen ruwa,
idona ya sha tartsatsi har ya daina yarda da haske.

Bango guda, talabijin talatin,
duk aku ɗaya suke nunawa yana karkaɗa fiffike.
Jan ya wuce ja, koren ya fi ƙarfin ganye.
Na ce, wannan ba kallo ba ne, ihu ne.

Yaron kantin, Tymon aka rubuta a ƙirjinsa,
ya shiga zubo lambobi kamar buhun gero ya ɓalle.
Jikata ta tare shi, ita ta san abin da ya kawo ta:
"Hoto ɗari da ashirin a daƙiƙa guda, Kaka.
In na danna, motar ta karkata nan take,
ba sai ta tsaya shawara da danginta ba."

Na ce, yaro, kashe mini akun nan.
Nuna mini dare.

Ya sa teku, kwalekwale ɗaya, fitila ɗaya.
A ta farko daren ya fito ruwan toka,
kamar ruwan da aka wanke tukunya,
hazo ya yi wa fitilar kewaye.
A ta biyu kuwa, sai na yi shiru.
Na san wannan baƙin.
Shi ne na cikin cikin jirgi
in ka kashe wutar walda ka ɗaga kwalkwali.

Bronka ta so tsofaffin finafinai marasa launi.
Kullum sai ta yi wa tsohuwar akwatinmu faɗa,
wai ta mayar da dare shayi mai madara.
Sanyi uku ke nan ba wanda ya yi faɗan.

Tymon ya nuna mai inci tamanin da uku,
Jagoda ta riƙe numfashi, ido kamar zai faɗo.
Ido ba mudu ba, amma ya san kima,
ni kuma ban fito ba sai da tef a aljihu.
Hawa na tara muke, a Zaspa,
lif ɗinmu ko keken jariri sai an yi masa dabara.
Na auna kwali, na auna kuma.
Tamanin da uku sai dai ta kwana a ƙofar bene.
Saba'in da bakwai za ta shiga
in an kishingiɗar da ita an yi mata lallami.

"Tagarku tana kallon yamma?" in ji yaron.
"Rana za ta zauna a gilashin ta hana ku sakat."
Na ce bar wannan, akwai labule mai kauri,
wadda ta ɗinka shi ba ta yin aikin wasa.

Kuɗin na ji su har cikin haƙori.
Na tafiyar da muka yi ta ɗagawa ne,
bana ba, baɗi ba, har mai tafiya ta tafi.
Na miƙa kati, ban kalli takardar ba.

Da dare Jagoda ta danƙa mini abin wasan.
Sau bakwai na kai mota bango,
ta yi dariya har tana dukan kujera.
Na ce motar ba ta da laifi,
ta ji maganata da wuri ne, kafin in gama tunani.

Da barci ya ɗauke ta, na sa fim ɗin Bronka.
Dare ya zo, dare sosai,
wata mata ta kunna ashana a bakin gada.
Na juya hagu in ce, kin gani?