Riyal Ɗari Huɗu da Hamsin

Hajiya Saude ta hawo bene uku tana haki,
ta zauna gefen tabarmata, ta buɗe waya:
kek hawa uku, fari fat,
furanni goma sha biyu sun zagaye wuyansa,
sunan Rumaisa da ruwan zinariya,
don ran Alhamis za ta karɓi takardar aikin jinya.

Na ce ɗari huɗu da hamsin.
Ta dafe ƙirji kamar na yi mata albishir da gobara.
"Haba Tabawa! Fulawa ce fa da ƙwai.
Mu da kakanninmu suka taso daga Gumel a ayari ɗaya?"

Fulawa ce, Hajiya, ban musa ba.
Ƙwai talatin ne, biyu sun fashe a leda
tun kafin in haye Shari'u Mansur.
Bota ta ƙara riyal uku tun bayan aikin hajji,
ba ta yi shawara da Gumel ba.
Akwai kwali, akwai faifan da zai zauna a kai,
akwai tandar da ke shan lantarki kamar raƙumi a bakin rijiya,
da na'urar sanyi da ba na kashewa,
don zafin Makka bai san fure na sukari ba ne.
Akwai Jamilu direba, mai tafiya kamar ya ɗauko jariri,
kuɗinsa arba'in,
ko tudun Hindawiyya ya yarda ko ya ƙi.

Wannan duk ana iya rubutawa.
Wanda ba ya hawa takarda
shi ne fure guda, minti ashirin,
ina murza shi da yatsa uku
har kiran sallar farko ya taso daga Harami
ya same ni a tsaye, bayana na kuka.
Da kek bakwai da na ƙona shekarar da na fara,
muka ci da shayi, ni da yara, muna dariyar dole.

Innata ta yi shekara ashirin da shida tana tuyar masa
a bakin masaukin alhazai.
Takan ƙirga shinkafa, ta ƙirga mai, ta ƙirga gawayi,
ba ta taɓa ƙirga kanta ba.
Ranar da ta rasu muka buɗe gwangwaninta:
riyal sittin, da sunayen masu bashi.
Ni ma na ɗauko hanyarta.
"Kawo abin da ya sauwaƙa," haka nake cewa,
kunya na ci mini uwar kuɗi a ɓoye, kamar gara,
sai da obin ya mutu ban da na gyara.

Yanzu ina da littafi mai jan bango.
Layin ƙarshe na kowane shafi, sunana ne.

Kuma ki sani, makon jiya
wata Balarabiya daga Aziziyya, zobe har a babban yatsa,
ta nemi irin wannan.
Shaiɗan ya raɗa mini ɗari bakwai.
Na ce mata ɗari huɗu da hamsin.
Ma'aunina ɗaya ne, Hajiya, ba ya duba hannu,
ba ya duba dangi.

In kuɗin sun yi nauyi, mu sauke hawa ɗaya,
furanni shida, sunan Rumaisa yana nan da zinariyarsa:
ɗari uku.
A rage kek, kar a rage mai yin sa.

Ta yi shiru. Ta juya wayar, ta sake juyawa.
Ta ce za ta leƙa shagon bakin titi tukuna.
Na ce Allah ya ba da sa'a, na raka ta bakin bene,
na cusa mata gutsuren kek na lemo a leda
don jikokinta.
Wannan kyauta ce. Ita ba ta da shafi.

Na dawo na fito da bota daga firji,
ta huce, ko da za a kira.