Nauyin Tukunya

Yuli ne, sanyin Montevideo ya shiga ƙashi,
iskar kogi tana dukan taga tun asuba.
Na buɗe ɗakin ajiya da muka mayar lambu,
fitila ta mare ni da farin haske.
Tsiro shida na tabar wiwi, ba ƙari,
iyakar abin da takardar hukuma ta yarda.
Kwana ashirin da uku ke nan da suka huda ƙasa.

Na huɗun ne ya fara.
Ganyen ƙasa ya koma ruwan ɗorawa,
bakinsa ya lanƙwashe kamar farcen shaho.
Jiya ɗaya, yau uku,
na biyar ma ya sunkuyar da kai.

Shekara talatin na yi ina ɗaure jirage a tashar ruwa,
igiya in ta kusa tsinkewa, hannuna ya sani.
Ganye kuwa ba ya ƙara, ba ya nishi.
Sai dai a karanta shi, ni kuma ban san baƙinsa ba.

Na ɗauko gilashin da Nibia ke zura zare da shi,
na juya ganye, na leƙa bayansa
ko zan ga 'yan ƙwarin nan masu saƙa,
ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa barkono.
Babu. Ko silin yana ɗaya babu.
Na sa bayan hannu ƙarƙashin fitila, na ƙirga sittin:
ɗumi ne, ba ƙuna ba,
kuma da wuta ce, na sama za ta fara ci.
Na ce to, yunwa ce. Na ƙara taki.
Washegari bakin ganye ya ƙone
kamar an ɗosana masa ashana.

Sai na hau bene na ƙwanƙwasa wa Zulma,
wadda ta tsufa tana sayar da dashe a kasuwar Lahadi.
Ta sauko da silifas, filas a hammata,
ƙoƙon mate a hannu.
Ko kallon ganyen ba ta yi ba.
Ta miƙa mini ƙoƙon, ta ɗaga tukunya,
ta auna ta kamar mai sayen kankana,
ta cusa yatsa cikin ƙasa har gaɓa biyu,
ta zaro shi baƙi, yana naso.

"Heber, sau nawa kake ba su ruwa?"
Na ce safe da yamma.
Wani sa'in da tsakar dare, in barci ya ƙi.
Ta ce, "Saiwa ma numfashi take yi.
Ka nutsar da su, sannan ka ɗura musu abinci.
Ajiye butar. Kada ka sake kusantar su
sai tukunya ta yi sakayau a hannunka.
Ganyen da ya tafi ya tafi, ba ya komawa kore,
sabon toho za ka zuba wa ido."

Daga ɗaki muka ji dariya.
Nibia ce, ƙarƙashin bargo uku da na lulluɓa mata,
kumburarrun gwiwoyinta a kan matashi,
ga shayi na huɗu yana hucewa a gefen gado,
ga miyar da ta ce ta ƙoshi, na sake ɗumamawa.
Dominta na shuka su, ko ciwon ya bar ta ta runtsa.
Ta ce, "Zulma, in kin gama da tukwane,
zo ki ɗaga ni ki ji."

Kwana huɗu ban taɓa buta ba.
Hannu na ƙaiƙayi, na cusa shi a aljihu.
Na cire mata bargo ɗaya.
Ta fita har kantin burodi ita kaɗai,
ina bayan labule ina ƙirga takunta.

Ran Talata na ɗaga tukunya ta huɗu,
ta taso kamar ba komai cikinta.
A kan tsiron kuwa wani abu kore,
bai kai ƙwayar shinkafa ba,
ya fara buɗe yatsu.