La'adar Fermín

Shekara talatin da takwas na yi a Zamora
ina karantar da 'ya'yan mutane tsofaffin littattafanmu,
inda mai alkyabba kan kwana da yunwa,
mai barci ya rantse idonsa biyu,
ɗan wasa ya sauko daga dandamali ya manta bai tuɓe sarautar ba.
Nakan bugi allo in ce:
ku raba abin da ido ya gani da abin da ke nan.
Su rubuta. In bi da jan biro.

Da na ajiye aiki, kuɗin sallamata
na ɗauka na kai wa Fermín Cuadrado, dillalin hannun jari,
a wani ɗan ofis saman kantin magani.
Ɗalibina ne a dā, layin baya, gefen taga.
Huɗu bisa goma na taɓa ba shi.

Ya juyo mini da fuskar na'ura.
Wani koren zare na hawa kamar hayaƙi.
Ya ce, Malam, wannan kai ne.
Ban taɓa ganin kaina da tsawo haka ba.

Daga ranar nakan buɗe waya kafin in buɗe taga.
Talata ina da gonar inabi a Toro,
Alhamis ta bushe ƙurmus,
Juma'a ta dawo har da rijiya.
Saya, Malam. Sayar, Malam.
Kowace kalma yuro goma sha biyu.
Ga kuɗin ajiya, ga na canji,
ga wani can ƙasan takarda
da sai na ari tabarau ɗin matata nake ganinsa.

Herminia tela ce, ba ta taɓa gama ko ɗaya
cikin littattafan da na tsufa a kansu ba.
Rasit kawai take tarawa a gwangwanin maɓallai.
Wani dare ta baje su kan teburin kicin,
ta lasa fensir, ta yi shiru.
Can ta ce, Remigio,
gonar nan taka ban ɗanɗani inabinta ba,
amma ga dubu biyu da ɗari uku da arba'in
sun fita da ƙafarsu, ba wanda ya waiwayo.
Riba kawalwalniya, faɗuwa kawalwalniya,
la'ada ce kaɗai ba ta taɓa fashi ba.

Da safe na haye gadar dutse, Duero na gudu a ƙasa,
bakina cike da faɗan da na kwana ina shiryawa.
Na same shi yana cin busasshen burodi a kan takardu,
hannun kwat ɗinsa ya soma zarewa,
ya yi wuf ya ɓoye ƙarƙashin tebur.

Na ce, cikin goma sha biyun, nawa ne naka?
Ya ce, ɗaya da rabi. Sauran na Madrid.
A Madrid wa ke ci?
Ban taɓa ganinsa ba, Malam.
Shi ma lamba ce a na'ura.

Faɗan ya narke mini a baki.
Na ce a rufe asusun.
Ya sunkuyar da kai: rufewar ma da kuɗinta.
Na biya.

A hanya na sayi cuku rabin kilo,
don in riƙe abin da ke da nauyi.

Da daddare na hau saman rufi, na tone akwatunan makaranta,
har na ci karo da takardar nan tasa.
Yaro ɗan shekara goma sha shida, layi ɗaya ya rubuta ya tsaya:
idan mutum ya sayi mafarki, rasit ɗin gaskiya ne.
A ƙasa, da jan birona, da hannuna:
Ka kauce wa tambaya.