Haruffa Huɗu na Kaka Mal-sun

A tsibirin Jeju, ranar da iska ta hana shiga teku,
Kaka Mal-sun na jingine da katangar baƙin dutse
tana ɗinke ragar da take zuba katantanwa.
Ni kuwa na zo hutu daga Seoul
da wayata, da haruffana huɗu
da nake faɗa wa mutane tun kafin sunana.
A can birni saurayi ba ya tambayar garinku,
haruffanki yake tambaya,
in ba su yi masa ba, shayi ya huce a kofi,
kowa ya kama gabansa.

Na ce, Kaka, kawo in gwada halinki.
Ta ce, Da-som, teku ya gwada ni shekara hamsin da biyu,
me ya rage wa wayarki?

Kina jin daɗin shiga taro?
Ta ce, wane taron, na biki ko na makoki?
Na ce babu gurbin wannan,
akwai i, akwai a'a, akwai tsaka-tsaki.
Ta ce, sa ni a tsakiya, nan ruwa ya fi zurfi.

Kina tsara abu kafin ki fara?
Ta ce, nakan dubi wata, in dubi iska,
in saurari gwiwata ta hagu,
sai in faɗa ruwa, tsari ya ƙare.

Zuciya kike bi, ko hankali?

Ta soke allura a hannun riga.
Ta ce, wata rana na ga katantanwa kamar faranti
manne da dutse, numfashina saura kaɗan.
Zuciya ta ce ɓamɓaro, hankali ya ce hau sama.
Na hau, na bar ta.
Wata rana kuma Chun-ja ba ta taso ba.
Hankali ya ce ba ki da sauran iska,
na koma ƙasa, na kamo ta ta gashi.
Ga ta can tana shanya ciyawar teku, tana zagin kaji.
To, wanne za ki danna?

Na danna tsakiya, ina jin kunya.

Tambaya sittin, waya ta yanke hukunci:
mai taka-tsantsan, mai gudun kasada, mai son abin da ta saba.
Na yi dariya har da ƙwalla.
Matar da ke nutso gaba goma
ba tulun iska, sai huhun da aka haife ta da shi!
Na ce, Kaka, gwajin nan ya yi ƙarya.

Ba ta yi dariya ba.
Ta ce, a nan kam ya faɗi gaskiya.
Masu son kasada na san su, mu tara muka fara,
yau suna kan tudu, ana kai musu shinkafa ranar tunawa.
Tsoro ne ya kai ni ganin jika.

Ta nuna gorar iyo, ruwan lemo, rataye a ƙusa.
Ta ce, haruffanki kamar wannan suke.
Mai tsayuwa a gaɓa ya hango ta,
ya ce ga inda Mal-sun ta shiga.
Bai yi ƙarya ba.
Amma ni ina can ƙasa, na yi gabas, na yi yamma,
gora ba ta sani ba.

Da dare na sake gwada kaina cikin bargo.
Harafi ɗaya ya canza.
Ban san wace ce ta amsa bara ba,
ko wace ce ta amsa yau, da ƙanshin gishiri a gashinta.

Da asuba iska ta kwanta.
Na tsaya a kan dutse ina ƙirga gorori,
har na ji fiton da takan yi in ta taso,
siriri, daga wani gefen da ban duba ba.